Kowa Ya Gani, Babu Mai Faɗa: Batun Tukuicin Masu Tsegunta Wa 'Yan Sanda A Masaka

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Keffi ya san Masaka, ko da kuwa bai taɓa sauka ya sha ruwa a cikinta ba. Idan ka baro Nyanya, ka kutsa cikin cunkoson Mararraba, ka wuce Ado, to ka kusa isa ke nan. A takarda dai Masaka tana cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa, amma ma'aikacin da ke kwana a can, in ya je ƙauyensu hutun salla ko na kirsimeti, cewa zai yi a Abuja yake zaune. Kuma bai yi ƙarya ba, domin a Abuja yake wuni, a can yake samun abin sawa a bakin salati. Tun da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja a watan Disambar 1991 waɗannan garuruwa na bakin iyaka suka fara kumbura, sannan rusau ɗin da aka yi a birnin tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara koro musu dubban jama'ar da kuɗin hayar Garki da Wuse ya fi ƙarfinsu. Ƙasar da a da gonakin Gbagyi ce da maƙwabtansu, yau ta zama gidajen haya jere reras, gida ɗaya sai ka tarar da ƙabila huɗu ko biyar a cikinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan gari shi ne wata jimla da mai karatu ya sha ji a rediyo. Duk lokacin da kakakin 'yan sanda ya gama baje kolin waɗanda aka kama da laifin fashi, ko ƙwacen waya, ko garkuwa da mutane, sai ya rufe jawabinsa da roƙon jama'a su riƙa taimaka wa rundunar da bayanai. Roƙo ne mai kyau, kuma gaskiya ne cewa jama'a suna da bayanan. A gari irin Masaka, mai shayin bakin titi ya san samarin da ba sa fitowa sai ƙarfe ɗayan dare. Ɗan acaɓa ya san gidan da yake kai fasinja da buhun burodi da katan-katan na lemo, alhali bai taɓa ganin mace ko yaro a ƙofar gidan ba. Mai POS ya san wanda ke zuwa cire kuɗi da katunan banki uku masu sunaye daban-daban. Dillalin gidaje ya san wanda ya biya hayar shekara biyu lakadan bai ko nemi ragi ba, ya kuma zaɓi gidan da ke can ƙarshen gari. Duk sun gani, duk sun ja bakinsu sun tsuke.

To, shin idan aka ce ga tukuici, kuma ba sai ka faɗi sunanka ba, bakunan nan za su buɗe? Ni dai ina ganin za su buɗe, kuma ina goyon bayan a kafa irin wannan tsari a Masaka da sauran garuruwan Karu. Sai dai akwai sharaɗi, wanda in babu shi gara kada ma a fara. Sirri shi ne gaba, kuɗi na biye. Mu kuwa a ƙasar nan, duk lokacin da aka tashi yin abin, sai a juya shi, a daka wa jama'a sanarwar miliyoyi, a bar batun sirri a hannun Allah.

Bari mu waiwaya kaɗan mu ga abin da miliyoyin suka haifar. A watan Nuwambar 2012 rundunar haɗin gwiwa ta Maiduguri ta sa naira miliyan 50 a kan Abubakar Shekau. A 2013 Amurka ta ɗora nata, dala miliyan 7. Mutumin nan ya ci gaba da fitowa a faifan bidiyo har shekara takwas bayan haka, kuma da ajalinsa ya zo a watan Mayun 2021, a dajin Sambisa ya zo, a faɗansa da 'yan ISWAP. Ranar 14 ga Afrilun 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya da sassafe, daidai lokacin da ma'aikatan da ke fitowa daga Mararraba da Masaka ke rububin shiga motocin cikin gari, ya hallaka fiye da mutum 70. Ranar 1 ga Mayu wani ya sake tashi a kusa da wurin. Hukumar DSS ta sa naira miliyan 25 a kan mutum biyu da take zargi, amma ɗayansu a ƙasar Sudan aka kama shi ta hannun 'yan sandan ƙasa da ƙasa. A cikin watan Mayun nan ne kuma rundunar 'yan sanda ta yi alƙawarin naira miliyan 50 ga duk wanda ya ba da bayanin inda 'yan matan Chibok suke, amma aka cika shekara 10 da dama daga cikinsu ba su dawo gida ba. Ko a watan Fabrairun 2024, da garkuwa da mutane ta addabi yankin Bwari, ministan Abuja Nyesom Wike ya sa naira miliyan 20 a kan wasu mutum biyu da ake nema.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Ado Aleru. A 2020 'yan sandan jihar Katsina suka sa naira miliyan 5 a kansa. Sai ga shi a watan Yulin 2022 an naɗa masa rawanin Sarkin Fulani a fadar 'Yandoton Daji da ke ƙaramar hukumar Tsafe, da rana tsaka, a gaban taron jama'a, har sai da surutu ya yi yawa gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. Yanzu don Allah, talakan da ya ji wannan labari, wane ne zai lallashe shi ya ɗauki ransa ya kai rahoton wani? Mutumin da aka ce ana nema ruwa a jallo ya zo ya zauna a fada ya tashi lafiya. Ashe wani lokaci bayanin yana nan a fili, mai aiki da shi ne babu.

Ba ina cewa kuɗi ba su da tasiri ba ne. Abin da nake nufi shi ne, miliyan 50 ba ta magana da mai shayi. Ya san kuɗi irin waɗannan ba sa fita daga asusun gwamnati sai da takardu, da sa hannu, da hoto, da mutum goma da za su san wanda aka ba. Ya san kuma manyan 'yan ta'addan da ake sa wa irin wannan farashi ba su ne ke hana shi barci ba. Shi damuwarsa ita ce yaran da ke tare lungu da wuƙa, da motar 'yan wan cans da ke ɗaukar fasinja da asuba a ƙwace musu waya da kati a wurgar da su a gefen hanya, da kangon da ake ajiye mutane a bayan gari. A kan waɗannan ne yake da labari, kuma babu wanda ya taɓa sa musu ko sisi.

Me ya hana shi faɗa a kyauta? Bahaushe ya riga ya amsa, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mu ɗauka ya yi ta maza ya nufi caji ofis. Da farko dai an gan shi ya shiga, domin ofishin ba a ɓoye yake ba. Sai a ce ya rubuta sitatimen, da sunansa, da adireshinsa, da lambar wayarsa. Sai tambaya ta biyo baya: kai ya aka yi ka sani? Mene ne tsakaninka da su? Mutane da yawa a ƙasar nan sun yi imani, ko da hujja ko babu, cewa mai kai rahoto yakan iya kwana a bayan kanta, kuma sunansa yakan iya riga shi isa gida. Ko da an samu Difi'o mai amana, takarda tana bi ta hannaye da yawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan kwana uku an ba da belin wanda aka kama, wanda kuma haƙƙinsa ne a doka, ya dawo unguwa yana tambayar wa ya kai shi. A Kano ko Katsina wataƙila mai rahoton yana da dangi gida ashirin a bayansa. A Masaka ɗan haya ne, daga shi sai matarsa da yara biyu a ɗaki ɗaya, ƙofar langa-langa.

Abin takaicin shi ne, tsarin da muke ta muhawara a kai, miyagu sun daɗe da kafa nasu, kuma yana tafiya daidai. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato sun san kalmar infoma fiye da kowa. Infoma shi ne ɗan gari da ke gaya wa 'yan bindiga wanda ya sayar da shanu, da wanda ɗansa ya aiko da kuɗi, da lokacin da jami'an tsaro suka bar gari. Ba ya rubuta sitatimen, ba a tambayarsa ya aka yi ya sani, ana biyansa nan take, ana kuma rufa masa asiri. Da ɗan gari akan ci gari. Abin ya yi tsanani har a 2022 gwamnatin Zamfara ta yi dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga infoma. Wato ɓarawo ya gane darajar labari ya sa masa farashi, hukuma kuwa tana neman nata a kyauta, ta kuma bar mai kawowa da jidalin da zai biyo baya.

Akwai inda aka zauna aka yi wa wannan matsala tunani. A watan Yulin 1976, a garin Albukarki na jihar Niyu Meksiko a Amurka, 'yan fashi suka harbe wani ɗalibin jami'a da ke aikin dare a gidan mai. Aka yi makonni babu wanda ya ce uffan. Ɗan sandan da ke binciken, Greg MacAleese, wanda tsohon ɗan jarida ne, ya lura da cewa abu biyu ke rufe bakin mutane, tsoro da halin ko-in-kula. Sai ya roƙi wani gidan talabijin aka kwaikwayi yadda kisan ya faru aka nuna wa jama'a, ya yi alƙawarin ba za a tambayi sunan mai kira ba, ya kuma sa tukuici. Wani ya bugo waya, cikin sa'o'i 72 aka kama mutum biyu. Daga nan aka haifi shirin da ake kira Crime Stoppers, wanda ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ingila ta kafa nata a 1988, bayan kisan wani ɗan sanda, Keith Blakelock, a tarzomar da aka yi a Landan a 1985, inda jama'a da yawa suka ga abin da ya faru amma tsoro ya hana su magana.

Ina so mai karatu ya lura da yadda abin yake aiki, domin a nan hikimar take. Ƙungiyar ba ta gwamnati ba ce, fararen hula ne ke riƙe da asusunta, 'yan kasuwa da masu hali ke zuba kuɗi a ciki. Idan ka kira, wayar ba ta nuna lambarka, ba a ɗaukar muryarka, ba a tambayar sunanka. Za a rubuta abin da ka faɗa, a cire duk wani abu da zai iya nuna ko kai wane ne, sannan a miƙa wa 'yan sanda. Kai kuma a ba ka wata lamba ta sirri. Bayan wani lokaci sai ka sake kira ka ambaci lambar nan, a gaya maka ko bayaninka ya yi amfani. In ya yi, kwamitin fararen hular ne zai yanke abin da za a ba ka, kuma a wurare da dama banki za ka je ka faɗi lambar, a miƙo maka kuɗinka ba tare da an nemi katin shaida ba. Ɗan sandan da ya yi kamun bai san ka ba, saboda haka ko ya so ya sayar da kai ba shi da abin sayarwa. Tukuicin kuma ba wani mai yawa ba ne, galibi bai wuce dala 1,000 a Amurka ko fam 1,000 a Ingila ba. Wani abin lura shi ne, a Ingila kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu kira ke waiwayar kuɗin. Abin da suke nema tun farko shi ne hanyar da za su sauke nauyin da ke zuciyarsu ba tare da sun sa wuyansu a igiya ba.

Na san wani zai ce wannan ai sai ƙasar Turawa. To, ga Jamaika, ƙasar baƙar fata ce, talauci da 'yan daba ba baƙinta ba ne, kuma a unguwanninta kiran mutum infoma kan iya zama sanadin ajalinsa. Duk da haka tun 1989 suke da irin wannan shiri, da kuɗin 'yan kasuwa masu zaman kansu.

Sai dai kwafo shi kai tsaye ba zai yiwu a nan ba, kuma ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. A 1976 mutum kan shiga rumfar wayar kan titi ya jefa kwabo ya yi kira ya tafi abinsa. A Nijeriya ta yau babu layin wayar da ba shi da suna. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, a 2024 kuma aka rufe waɗanda ba a haɗa ba. Haka asusun banki, tun 2014 aka shigo da BVN. Ke nan da zarar ka kira da wayarka, ko aka tura maka tukuici ta asusunka, ka bar sawu a kamfanin waya ko a banki, ko da kuwa wanda ya amsa kiran bai ga lambarka ba. Saboda haka alƙawarin baka ba zai wadatar ba, sai an haɗa da doka, wadda za ta haramta wa kowane jami'i neman sanin wanda ya kira wannan layi, ta kuma tanadi ɗauri ga wanda ya fallasa shi. A Kanada kotun ƙolin ƙasar ce ta yanke a 1997 cewa ba za a tilasta bayyana bayanin mai kiran Crime Stoppers ba, ko da lauyan wanda ake tuhuma ne ya nema, sai fa idan ta nan ne kaɗai za a iya wanke marar laifi. Mu a nan muna da sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wanda ya ba kotunan tarayya da na Abuja damar ɓoye suna da fuskar shaida a shari'o'i irin na ta'addanci. Wannan ya yi, amma mai shayinmu ba shaida yake son zama ba, ba ya son ko hanyar kotun ya bi. Majalisar dokoki ta Lafiya tana da ikon yin dokar da za ta rufa masa asiri, kamar yadda ta yi dokar hukunta masu garkuwa da mutane a 2020.

Batun biya ma haka. Mun ga abin da ya faru da shirin kwarmata bayanai da ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta ƙaddamar a watan Disambar 2016, wanda ya yi alƙawarin kashi 2.5 zuwa kashi 5 cikin ɗari na duk dukiyar da aka gano. A watan Afrilun 2017 hukumar EFCC ta gano dala miliyan 43 da 'yan kai a wani gida a Ikoyi ta Legas. Wanda ya tsegunta sai da ya shafe kusan wata 8 yana sintiri daga wannan ofis zuwa wancan, lauyansa yana ta kuka a jaridu, kafin a biya shi. Ya samu kuɗinsa daga ƙarshe, amma duk ƙasa ta ga wahalar da ya sha. Ni a ganina, naira dubu 20 zuwa dubu 200 da za a miƙa wa mutum lakadan cikin mako biyu, da lamba kawai babu suna, sun fi miliyan 20 da sai an yi shekara ana bin fayil.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a cikin wannan shawara tawa, domin duk wanda ya ce ba ta da haɗari bai yi mata kallon tsanaki ba. Idan aka ce faɗi ba a san ka ba, kuma ga kuɗi, an buɗe ƙofa ga mai ƙiyayya. Mai gidan da ke son korar ɗan haya, da ɗan kasuwar da ke jin haushin maƙwabcin rumfarsa, da wanda aka ƙwace wa budurwa, kowa ya samu makami. Kuma a gari irin Masaka mun san wanda yatsa zai fara nunawa: baƙo, ɗan ci-rani, mai tura baro, mai gyaran takalmi, ɗan bola-jari, wanda ba shi da kowa kuma Turancinsa bai kai ya kare kansa ba. Kada mu manta da abin da ya faru a unguwar Apo ta Abuja ranar 20 ga Satumbar 2013. Sojoji da jami'an DSS suka dira wani kangon gini da dare, bisa bayanin da suka ce sun samu daga wasu da ke hannunsu cewa an binne makamai a wurin. Mutum 8 suka rasa rayukansu, 11 suka jikkata, akasarinsu 'yan Arewa masu tuƙa Keke Napep da ƙananan sana'o'i da ke kwana a kangon. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta bincika, a watan Afrilun 2014 ta ce babu wata gamsasshiyar hujja da ta nuna 'yan Boko Haram ne, ta umarci a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, kowane mai rauni miliyan 5. Sai a 2018 aka biya. Wannan shi ne sakamakon bayanin da aka hau ba a tantance ba.

Maganin wannan yana cikin ƙa'idar shirin, in har za a bi ta. Tsegumi ba hujja ba ne, ɗan yatsa ne da ke nuna wa mai bincike inda zai duba. Ba a kama mutum don an kira an ambaci sunansa, sai an sa ido, an bi sawu, an samu abin da za a iya nuna wa alƙali. Ba a kuma biyan kowa don ya kira, sai an samu makamin, ko an kuɓutar da wanda aka sace, ko an gurfanar da wanda ake zargi da hujjar da ba ta dogara da kiran ba. Mai ƙarya ba zai ci ko kwabo ba. Kotun ƙolin Kanada ɗin nan ma ta dawo a 2017 ta ce wanda ya yi amfani da layin don ya karkatar da bincike ko ya ɗora wa wani laifi, rigar sirrin ba ta rufe shi. Na yarda cewa wannan ƙa'ida tana buƙatar 'yan sanda masu haƙurin bincike, kuma kamun kan-mai-uwa-da-wabi ya fi sauƙi. Shi ya sa nake ganin dole kwamitin fararen hular ya sami ikon tambayar abin da aka yi da kowane bayani, ya kuma dakatar da miƙa bayanai ga duk ofishin da ya mayar da su hanyar karɓar kuɗin beli.

Akwai kuma ƙyamar da al'adarmu ke yi wa mai kai ƙara. Tun muna firamare muke tsanar mai rubuta sunan masu surutu, kuma kalmomin da muke da su ba masu daɗi ba ne: magulmaci, munafuki, annamimi, ɗan tsegumi. Amma malamanmu, na masallaci da na coci, ba su taɓa haɗa mai yawo da magana don ɓata tsakani da wanda ya tona asirin azzalumi don ceton rai a kwando ɗaya ba. Ko a tsarinmu na gargajiya, baƙon da ya sauka a gari sai mai masaukinsa ya kai shi gaban mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, kuma babu wanda ya kira wannan gulma. Tsarin ya yi aiki ne saboda kowa ya san kowa. A Masaka, inda mutum ke fita ƙarfe biyar na asuba don gudun cunkoson Mararraba, ya dawo bayan isha a gajiye, ya shekara bai san sunan na ɗakin da ke kallon nasa ba, mai unguwa ba zai iya sanin kowa ba, ko da kuwa yana da ido goma. Masu cewa bai dace a biya mutum don ya yi abin da ya wajaba a kansa ba kuwa, ina girmama ra'ayinsu, amma ɗan acaɓan da ya ajiye aikin wuni guda yana bin wata mota a hankali don ya riƙe lambarta, ya yi asarar kuɗin cefane, kuma tukuici a wurin Bahaushe ba cin hanci ba ne, ko yaron da aka aiko da saƙo akan ba shi.

Saura batun iyaka, wanda ya keɓanta da wannan yanki. Mutum zai shiga motar 'yan wan cans a Masaka ko Mararraba, a yi masa fashi a kan hanya, a jefar da shi a Nyanya ko kusa da Asokoro. An ɗauke shi a jihar Nasarawa, an yar da shi a babban birnin tarayya. Rundunar Nasarawa hedikwatarta tana Lafiya, tana ƙarƙashin shiyya ta 4 da ke Makurɗi, ta Abuja kuwa tana ƙarƙashin shiyya ta 7. Ɓarawo bai san da wannan rabe-rabe ba, ko in ce ya san shi sarai, yana kuma cin moriyarsa, ya yi aika-aika a can ya kwana a nan. Wanda ya ga inda ake ajiye motar da dare bai kamata a ɗora masa nauyin sanin wace runduna zai nufa ba. Layi ɗaya ya kamata a yi tun daga Nyanya har Keffi, masu amsa kiran su ne za su san inda za su tura, su tura wa rundunonin biyu a lokaci guda in ta kama, wanda hakan ma zai sa ɗaya ta ji nauyin danne bayanin da ta san ɗayar ta gani.

Wa zai ɗauki nauyi? Legas ta kafa asusun tsaro tun 2007 wanda kamfanoni ke zuba wa kuɗi, amma ni ba na ganin sai an kai can. Ƙungiyar 'yan kasuwar Masaka, da ta direbobi, da ta 'yan acaɓa da Keke, da masu gidajen haya, da masu makarantun kuɗi da suka cika yankin, su ne ke asara idan gari ya yi ƙaurin suna, kuma da yawansu suna biyan kuɗin 'yan sintiri duk wata. Kaso kaɗan daga irin wannan karo-karo ya isa a fara. Fadar Esu Karu da shugabannin al'ummomin da ke zaune a yankin za su iya tsayawa a matsayin iyayen asusun, da sharaɗin kada ɗan siyasa mai riƙe da muƙami ko mai neman takara ya zauna a kwamitin, domin ranar da aka fara zargin layin na wata jam'iyya ne, ranar ya mutu. Duk wata uku a fito a gaya wa jama'a a rediyo: kira nawa aka samu, nawa suka yi amfani, nawa aka biya, mutum nawa aka bincika aka tarar ƙazafi ne aka ƙyale su.

Sannan a kula da wanda zai ɗauki wayar. Matar da ke soya ƙosai a bakin tasha, idan ta yi ƙundunbala ta kira aka amsa mata da Turancin boko, kashe wayar za ta yi, ba kuma za ta sake kira ba. Dole a samu masu jin Hausa, da Gbagyi, da Turancin buroka, dare da rana, kuma kiran ya zama kyauta ko babu ko sisi a layin mutum. Lambar ta kasance gajera, a rubuta ta a bayan Keke, da jikin motocin haya, da bangon kasuwa, da ƙofar masallatai da coci-coci, yadda wanda ya tsaya yana kallonta ba za a ce don wani abu ya tsaya ba.